Iskar Ɗaki a Rufe: Abin da Masu Neman Mafaka Ya Kamata Su Sani

Garin Malanville na Jamhuriyar Benin yana bakin Kogin Kwara, daura da Gaya ta Nijar. Idan kogin ya yi ambaliya, kamar yadda ya faru a shekarar 2010, jama'a kan fake a ajujuwan makarantu da tantuna. Saboda sauro da sanyi sai a toshe ƙofa da taga. A nan ne haɗarin da ba a gani yake farawa.

Iskar da muke shaƙa tana ɗauke da oksijin kusan kashi 21 cikin 100, kabon dayoksaid kuwa kimanin kashi 0.04 ne. Mutum a kwance yana fitar da kimanin lita 15 na kabon dayoksaid a kowace awa. Idan mutum 10 suka kwana a ɗakin da ke da tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin mita 2 da rabi, kuma babu kafar iska, cikin awa 6 zai kai kusan kashi 3. Daga nan sai ciwon kai da haki, tun oksijin bai ƙare ba.

Wanda ya fi wannan muni shi ne kabon monoksaid, da ke fitowa daga gawayi da janareta. Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana kama jini fiye da oksijin sau 200. Yakan kashe mai barci bai farka ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana barin wuta a gida lokacin barci.

A ɗakunan mafaka na ramukan haƙar ma'adinai ana ajiye tukwanen oksijin da sinadarin soda laim mai tsotse kabon dayoksaid. Mu da ba mu da su, ga abin yi:

1. A bar kafa biyu masu fuskantar juna, a sa musu raga.
2. Kada kaskon gawayi ya kwana a ciki.
3. Janareta ya zauna a fili, nesa da taga.
4. Idan mutane da yawa suka ji jiri ko tashin zuciya lokaci guda, a fita waje nan take, a nufi asibiti.

Muna kira ga limamai su tunatar da jama'a kafin damina da hunturu. Allah Ya tsare mu.