Rauta

Rauta (suna, mace; jam'i: rautoci). Kalma ce ta aro daga Ingilishi. Na'ura ce da ke karɓar intanet daga layi ɗaya ta raba wa kwamfutoci ko wayoyi da dama, ta kebul ko ta Wi-Fi. Tana ba kowace kwamfuta adireshi na cikin gida, amma a waje duka suna fita da adireshi guda. Misali: "Kunna rauta, ƙanwarka za ta duba sakamakon JAMB."

Ga gida mai kwamfuta biyu, rauta ɗaya ta fi layi biyu, kuma Kafanchan ta daɗe da sanin amfanin tarayya. Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loco a Kafanchan, wadda aka kafa a 1996, ta riƙa karɓar intanet ta tauraron ɗan'adam mai tsada, tana raba shi ga makarantu da ofisoshin garin ta hanyar shirinta mai suna Zittnet. Abin da rauta ke yi a falo ke nan, sai dai a ƙaramin ma'auni. Masu suka suna cewa rabo yana rage gudu. Gaskiya ne idan kwamfutocin biyu suna sauke bidiyo a lokaci guda, amma karatu da aika saƙo ba sa cika layi. Wasu kuma na tsoron maƙwabta su shanye musu data, alhali kalmar sirri mai ƙarfi tana toshe wannan ƙofa. Babbar matsalar ita ce wuta: da an ɗauke, rauta ta mutu. Don haka mai saye ya nemi mai batir a ciki.