Ƙaramar Jita: Ko Ta Dace da Matashi ko Babba Mai Fara Koyo?

Ƙaramar jita ita ce wadda aka rage tsawon wuyanta da girman cikinta, amma tsirkiyoyinta shida ne kamar na babbar, kuma saitinsu ɗaya: E, A, D, G, B, E. A shago za ka ji ana ce mata uku bisa huɗu (3/4), ko rabi (1/2) in ta fi ƙanƙanta. Waɗannan sunaye suna ruɗin mutane. Abin da ake aunawa shi ne tsawon tsirkiya daga ɗan ƙashin da ke bakin wuya zuwa jaki, wato abin da tsirkiyoyi suke hawa a kan cikin jita. A babbar jita tsawon yakan kai santimita 65, a uku bisa huɗu wajen 58, a rabi kuwa wajen 53. Ka ga ragin bai kai yadda sunan ya nuna ba.

A ikilisiyoyinmu na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, matashi yakan so ya koyi jita domin ya taimaki ƙungiyar mawaƙa, amma jitar majami'a ɗaya ce, tana kulle daga Lahadi zuwa Lahadi. In ya samu ƙarama a kuɗin da zai iya biya, sai abokai su ce ta yara ce, shi kuma ya fasa saye. Wannan kunya ba ta da tushe. Girman da muka sani yau ya kafu ne ta hannun wani maƙerin jita ɗan Sifen, Antonio de Torres (1817–1892). Kafin shi, manyan makaɗa a Turai jitoci ƙanana suke kaɗawa. Ed Sheeran na Ingila ya yi suna da ƙaramar jita ƙirar Little Martin a hannunsa. A nan gida ma, kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, ba wanda ya taɓa ce masa kayan wasan yara.

Amfaninta ga mai koyo

A wuyan jita akwai ƙananan ƙarafa a gicciye, ana ce musu firet. A babbar jita, daga bakin wuya zuwa firet na huɗu santimita 13 da ɗan ɗori ne. A uku bisa huɗu, santimita 12. Bambancin kaɗan ne a ido, amma ɗan ƙaramin yatsa ya san da shi. Na biyu, idan tsirkiya iri ɗaya ce kuma murya ɗaya ake nema, gajeriyar ba ta bukatar ɗauri mai tsanani: jan da ke kanta yakan ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Shi ya sa dannawa ta fi sauƙi, zafin kan yatsa kuma, wanda shi ne ke korar yawancin masu koyo a makonnin farko, yakan zo da dama. 'Yan mata da mata masu gajeren hannu ba sa ɗaga kafaɗa domin su rungumi cikin jitar. Ga kuma sauƙin goyawa a babur.

Duk kod ɗin da ka koya a kanta, wato yadda ake danna tsirkiyoyi da yawa lokaci ɗaya, haka yake a babbar. Wanda ya iya G, C da D ya samu do, fa da so a ki na G, kuma waƙoƙin sujada masu yawa a kan waɗannan ukun suke tafiya.

Inda take gazawa

Ba kowane hannu ta dace da shi ba. Mutumin da ya girma da fartanya, yatsunsa masu kauri da kanta, zai iya samun matsi a ƙaramar jita mai tsirkiyar ƙarfe, domin faɗin wuyanta wajen milimita 43 ne kawai, yatsa ɗaya sai ya taɓa tsirkiya biyu. Irin wannan mutum ya nemi mai tsirkiyar roba, wadda wuyanta ya fi faɗi: wajen milimita 48 a uku bisa huɗu, 52 a babba. A ganina, ga babban mutum faɗin wuya ya fi tsawonsa muhimmanci. Rabi kuwa a bar wa yara.

Muryarta ba ta da kauri, ba ta kuma zuwa nesa. Ta isa addu'ar gida, ko koyon waƙa na mutum biyar ko shida a gindin itace. Amma ranar Lahadi, in ganga ta tashi, jama'a suka ɗauki amshi, ba wanda zai ji ta sai an haɗa ta da lasifika. Kuma saboda tsirkiyarta da laushi, in ka danna da ƙarfi fiye da kima murya takan ɗan haura.

Kafin ka biya kuɗi

Ko a Sabon Gari ta Kano za ka saya, ko a Zariya, ko ta hannu a wurin wani, ka je da wanda ya iya kiɗa. Akwai jitocin wasan yara masu fenti mai kyau waɗanda ba sa riƙe saiti ko na waƙa ɗaya. Su ne suka ɓata wa ƙaramar jita suna. Ka kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danna ta a firet na 12. Dole ka ji murya ɗaya, do na ƙasa da do na sama. In sun saɓa sosai, ka bar ta. A wannan firet ɗin kuma ka duba ratar da ke tsakanin ƙarfen da tsirkiya mafi kauri: kada ta wuce milimita 3 a ta ƙarfe, ko 4 a ta roba. Ka ƙirga tsirkiyoyi: mai huɗu ukulele ce, kod ɗinta daban.

Kada a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera domin ta roba. Jan ya fi ƙarfinta, wuya zai tanƙware ko jaki ya ɓamɓare.

Hunturu da damina

Maƙeran jita suna so danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A hunturunmu yakan faɗi ƙasa da kashi 20, katako ya ƙanƙance, fuskar jita ta tsage, bakin firet ya fito yana karce hannu. Jitar filawud ta fi ta katako zalla jure wannan, ko da yake ba ta kai ta daɗin murya ba. Ka ajiye ta cikin jaka tare da ɗan soso mai laima a leda mai huji, kada ruwa ya taɓa katakon. Kada a bar ta a rana, ko a rataye dab da rufin kwano. Da damina, musamman wajen Doguwa da Riruwai inda ruwa ya fi yawa, tsatsa ce abin tsoro: ka goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle duk lokacin da ka gama kiɗa, ka kuma tanadi saiti guda na ajiya in ka shiga birni, domin siririyar E ita ce ke yawan tsinkewa.