Ruwan farko ba ya shiga kwata

A ɗakin ajiye kayan ibada na tsofaffin majami'un Katolika akan ga wani ɗan kwano a jikin bango, wani har da murfi da kwaɗo. Bututunsa ba ya haɗuwa da kwata, kai tsaye yake nutsewa cikin ƙasa. Sakarariyum ake ce masa, kuma nan ake zubar da ruwan da aka fara jiƙa ƙyallayen bagadi.

Katolika sun gaskata cewa gurasa da ruwan inabin da fada ya keɓe a ibadar Mas sun zama jiki da jinin Almasihu. Ke nan ƙyallen da ake shimfiɗa wa ƙoƙon ruwan inabin, mai suna kofural, da wanda ake goge bakinsa da shi, sun wuce a kira su tsumma, domin ɓarɓashi kan maƙale a zarensu. Shi ya sa ake ninke kofural gida tara, kowane ninki na kallon ciki, kada ko ƙwaya ta faɗi.

Tsohon littafin tarihin paparomomi ya ce Paparoma Silbesta, wanda ya rasu a 335, shi ya umarci a yi hadayar Mas kan farin lilin, ban da siliki, ban da rinanne, tunda da lilin aka yi wa Yesu likkafani. A 1819 ma Roma ta hana auduga.

Wa zai wanke? Dokar coci ta 1917 ta ce ba a miƙa waɗannan ƙyallaye ga kowa, ko da sista ce, sai fada ko dikon ko ƙaramin dikon ya yi musu ɗaurayar farko. Ruwan a juye a sakarariyum, in babu, a zuba a wuta. Mutumin da ya sha Latin shekara da shekaru, ga shi ya naɗe hannun riga a bakin kwano! Sai dai wahalar tana gaba, wajen sistoci da matan coci: su ne ke fama da tabon inabi da ɗigon kyandir, su yi guga tun lilin na da ɗanshi.

A 1972 Paparoma Bulus na Shida ya soke muƙamin ƙaramin dikon, dokar 1983 kuma ba ta maimaita sharaɗin ba. Amma umarnin Roma na 2004 ya yaba da a yi wankin farko da hannu, ruwan ya tafi sakarariyum ko wuri mai tsabta a ƙasa. Bayan haka sai wanki irin na kowa, da sabulu.