Zafin 1976 da Gardamar 'Yan Jarida a Ingila

Duk sanda jaridun Ingila suka fara shelar tsananin zafi, sai dattawa su ce a rage musu ihu, ai sun ga na 1976. Ba ƙarya suke yi ba. Daga 23 ga Yuni zuwa 7 ga Yuli na shekarar, kullum sai wani gari ya haura digiri 32, har Cheltenham ta kai 35.9. Madatsun ruwa suka ja baya, jama'a suna layi da bokiti a famfon bakin titi, gwamnati ta ɗora wa minista Denis Howell kula da fari. Ba a yi kwanaki ba sama ta ɓalle da ruwa.

Na yarda jarida na son zuzuta labari, kuma taswirar da aka rina da ja tana tsorata mutane. Amma ba edita ne ya auna digiri 40.3 a Coningsby ranar 19 ga Yuli 2022 ba. Zafin 1976 ya fi tsananta ne a wannan yanki na Turai, sauran duniya da sauƙi. Na 2022 kuwa ya tarar da gidajen da aka gina don riƙe ɗumi, ya kashe tsofaffi da dama, gobara kuma ta cinye gidaje a Wennington, gabashin Landan.