Asalin Kalma: Yuraniyom

A 1789 Bajamushe Martin Klaproth ya gano wannan ma'adini, ya raɗa masa sunan duniyar Yuranus, wadda aka hango a 1781. Sai a 1896 Henri Becquerel na Faransa ya lura cewa ma'adinin yana fitar da wani tiriri da ido ba ya gani. Daga baya aka kasa tiririn gida uku da haruffan farko na Girkanci: alfa, beta, gama. Fallen takarda na tare alfa, gama kuwa sai dalma ko kankare mai kauri.

Wasu 'yan jarida kan ce "makamashin yuraniyom". A ganina "ƙarfen yuraniyom" ya fi dacewa, domin ƙarfe ne mai nauyi. Tun 1971 ake haƙarsa a Arlit ta Nijar.