Asalin Baƙar Tauraruwar Tutar Ghana

Jama'ar zango, manya da yara, kowa ya san tutar ƙasar nan: ja a sama, ruwan zinariya a tsakiya, kore a ƙasa, da baƙar tauraruwa a cibi. Amma in aka ce wannan tauraruwa tana da dangantaka da gidan wani attajirin Ingila, har ma da jirgin nan Titanic, da yawa za su ce tatsuniya ce. To, ku saurara.

A birnin Libaful, wato tashar nan ta bakin teku wadda jiragenta suka kwashi bayi masu ɗimbin yawa daga Afirka, akwai wani kamfanin jiragen ruwa mai suna White Star Line, ma'anarsa Farar Tauraruwa. Bashi ya karya shi. A 1868 wani Bature, Thomas Ismay, ya sayi sunan da tutar a kan fam 1,000. Tutar ja ce, da farar tauraruwa a tsakiya. Ismay ya raya kamfanin har ya shahara wajen ƙetare da mutane tsakanin Ingila da Amurka. Da ya mutu a 1899, ɗansa Bruce Ismay ya gaje shi. A 1902 aka sayar da kamfanin ga ƙungiyar attajirin Amurka J. P. Morgan, amma ɗan ya ci gaba da shugabanci. A zamaninsa aka ƙera Titanic, wanda ya nutse a watan Afrilu 1912, mutum wajen 1,500 suka halaka. Shi Bruce yana cikin jirgin, ya tsira, zagin jama'a kuwa bai bar shi ba.

Shekara bakwai bayan wannan, wani baƙar fata mutumin Jamaika, Marcus Garvey, yana zaune a birnin New York. Ya dubi teku, ya ga duk jiragen Turawa ne, baƙin mutum kuwa sai dako da zuba gawayi. Sai ya ce in akwai Farar Tauraruwa, me zai hana a yi Baƙa? A 1919 ya kafa Black Star Line. Ba gida guda ke da shi ba, na jama'a ne. Aka riƙa sayar da hannun jari dala 5, talakawa da lebura da masu wanki suka yi ta saye. Jirginsu na fari sunansa Yarmouth, direbansa kuma baƙar fata ne.

Amma abin bai daɗe ba. An sayar musu da tsofaffin jirage da tsada, gyara ya cinye kuɗi, lissafi ya rikice, hukumar Amurka kuma ta sa musu ido. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1922 kamfanin ya durƙushe. A 1923 aka yanke wa Garvey hukunci a kan zamba ta gidan waya, ya shiga kurkuku a 1925, aka kore shi zuwa Jamaika a 1927. Ya mutu a Landan a 1940, ƙafarsa ba ta taɓa taka Afirka ba. Sai a watan Janairu 2025 Shugaban Amurka Joe Biden ya yi masa afuwa.

To, yaya tauraruwar ta zo nan? A 1935 wani saurayi, Kwame Nkrumah, ya tafi Amurka neman ilmi, ya shekara goma can. Ya karanta maganganun Garvey, daga baya shi da kansa ya rubuta cewa babu littafin da ya zuga shi kamar wannan. Da ƙasar nan ta sami mulkin kai ran 6 ga Maris 1957, aka ɗaga tutar da wata malamar makaranta, Theodosia Okoh, ta zana. Launukan uku irin na Habasha ne, ƙasar da ta kori sojan Italiya a Adwa a 1896. Tauraruwar kuwa ta Garvey ce.

Akwai saura. A shekarar nan ta 1957 gwamnati ta kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, ta raɗa masa sunan Black Star Line. Abokin tarayyarta kuwa Zim ne, kamfanin Isra'ila, mai kashi 40 cikin ɗari, har Ghana ta saye rabonsa a 1960. Shi ma wannan kamfani ya shuɗe. Na Ismay kuwa tun 1934 aka haɗe shi da Cunard.

Kamfanoni uku ke nan, babu ko ɗaya da ke tafiya da ƙafarsa yau, amma tauraruwar tana nan. Tana bisa ƙofar dandalin 'yanci a Ankara. Ta hau tutar Gini Bisau, biyu kuma a ta Sao Tome. 'Yan ƙwallonmu da sunanta suka ci kofin Afirka a 1963, 1965, 1978 da 1982, kuma ba a manta da Baba Yara da Abdul Razak ba.

Samari, ga abin lura. Garvey yana da jama'a da himma, amma ya rasa masu sanin sana'a da littafin lissafi mai tsabta. Dattawanmu masu fataucin goro da shanu sun sani, amana da ƙidaya su ne ke riƙe dukiya. In za mu yi adashi ko mu haɗa jari a zango, mu riƙe biyun nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannu goma ma ba sa ɗauka in babu mai duba inda za a aza ta. Allah ya sa mu gane, amin.