Gidan Wasan Guthrie: Dandamalin da Mutanen Minneapolis Suka Gina wa Kansu

A shekarar 1959 wasu mutum uku da suka daɗe suna cin abinci a harkar wasan kwaikwayo suka zauna suka yarda cewa Broadway ta ishe su. Broadway ita ce unguwar manyan gidajen wasa ta birnin New York, kuma a wancan zamani duk ɗan wasan Amurka da ke son a san da zamansa can yake dosa. Sai dai tsarinta na kasuwa ne zalla. Masu kuɗi su zuba jari a wasa guda, a ɗebo 'yan wasa su yi gwaji na 'yan makonni, a buɗe ƙofa. In masu sharhi a jaridu sun yaba, a yi ta nanata shi dare bayan dare har sai 'yan kallo sun ƙare. In sun kushe, a rufe cikin mako, kowa ya kama gabansa. A irin wannan kasuwa ba mai zuba dukiyarsa a tsofaffin wasannin Shakespeare ko na Girkawan dauri, kuma ɗan wasa ba ya samun gidan da zai zauna ya goge.

Babban mutum ukun nan shi ne Tyrone Guthrie, dogon Bature haifaffen Ingila a 1900, wanda gidan kakanninsa ke ƙasar Ireland. Ya riga ya yi suna a gidan wasan Old Vic na Landan, kuma shi ya ja ragamar bikin wasannin Shakespeare da aka fara a garin Stratford na Kanada a 1953. Na biyu Oliver Rea, mai shirya wasa da nemo masa kuɗi. Na uku Peter Zeisler, wanda aikinsa kula da bayan fage ne, wato ya tabbatar fitila ta kunnu a kan lokaci, kaya sun iso, ɗan wasa ya shigo daidai inda aka tsara. Tun daga wannan zama an ga siffar shugabancin da gidan zai ɗauka: mai fasaha, mai neman kuɗi, da mai tafiyar da aikin yau da kullum.

Abin da suke so a fili yake. Gida a wajen New York, wanda ba riba aka kafa shi ya nema ba, mai tawagar 'yan wasa ta dindindin da za ta riƙa juya manyan wasanni uku ko huɗu a kaka ɗaya, yau wannan gobe wancan. Wanda ya fito a sarki daren Talata yana iya fitowa a bawa daren Laraba. Ba su ne farkon masu wannan tunani ba. Margo Jones ta buɗe nata a Dallas a 1947, Nina Vance ta kafa Alley a Houston a wannan shekarar, Zelda Fichandler kuma ta fara Arena Stage a Washington a 1950. Matan nan su suka share hanya, da ƙaramin jari da wahala mai yawa, kuma bai kamata sunan Guthrie ya rufe nasu ba. Abin da ya zo da shi sabo shi ne yadda aka zaɓi garin.

Ta shafin wasanni na jaridar New York Times suka yi shela cewa duk garin da ke son irin wannan gida ya yi magana. Garuruwa bakwai suka amsa, cikinsu har da Chicago da Detroit da Cleveland da Milwaukee da San Francisco. Mutanen uku suka zagaya, suka tsaya a kan Minneapolis ta jihar Minnesota, gari mai tsananin sanyi a tsakiyar ƙasar, wanda aka fi sani da injinan niƙa alkama. Akwai babbar jami'a a wurin, kuma shugaban sashen wasan kwaikwayonta, Frank Whiting, ya tsaya kai da fata. Akwai kuma matasan attajirai irin su John Cowles ƙarami, ɗan gidan masu jaridun garin, da suka ɗauki abin kamar nasu. Gidauniyar T. B. Walker ta ba da fili kusa da gidan zane-zanenta, ta ɗora da dala 400,000. Sauran kuɗin, wanda ya kai jimillar sama da dala miliyan 2, daga aljihun jama'ar jihar aka tara shi, masu hali da marasa hali. Mata 'yan sa-kai suka bi unguwanni da garuruwan kewaye suna sayar da tikitin kaka tun ginin bai kammala ba.

A ganina nan ne asirin gidan yake. Da wani attajiri guda ne ya gina shi, da ya bi shi kabari. Da gwamnati ce, da ya dogara ga wanda ke kan kujera. Amma mutumin da ya ba da kuɗinsa, ko matar da ta sha sanyi tana ƙwanƙwasa ƙofofi, ba za su zuba ido a rufe shi ba, kuma an ga haka bayan 'yan shekaru kaɗan.

Shi kansa dandamalin yana da labari. A 1937 Guthrie ya kai wasan Hamlet fadar Elsinore ta ƙasar Denmark, Laurence Olivier ne jarumin, za a yi a filin fada. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Dole aka kwashe zuwa zauren rawa na wani otal, aka jera kujeru ta gefe uku, 'yan wasa suka yi abinsu a tsakiya ba labule ba adon bango. Abin da Guthrie ya gani a daren nan bai bar shi ba har ya mutu: 'yan kallo sun matso, suna ganin fuskar ɗan wasa suna kuma ganin fuskokin juna, maganar da ke fita daga baki ta fi kowane ado ƙarfi. Shi ya sa a Stratford, sannan a Minneapolis, ya sa Tanya Moiseiwitsch ta zana masa dandamali mai kutsowa cikin jama'a, kujeru sun rungume shi ta gefe uku kamar yadda taro ke kewaye 'yan dambe a fage. Ralph Rapson ne ya zana ginin, kuma an sha ja-in-ja tsakaninsa da Guthrie kafin a daidaita. Zauren ya ɗauki kujeru 1,441 masu launi daban-daban, dandamalin kuwa ɓangarorinsa ba su yi daidai da juna ba, da gangan. A kansa ɗan wasa ba shi da maɓoya. Duk inda ya juya ya ba wasu baya, don haka sai ya iya magana da kafaɗa da tafiya, ya kuma riƙa motsi don kowa ya sami rabonsa na fuska.

Ranar 7 ga Mayu 1963 aka buɗe da Hamlet cikin tufafin zamani, George Grizzard ya fito a yarima, Jessica Tandy a mahaifiyarsa. Wasanni huɗu aka juya a kakar farko: na Shakespeare, da na Molière a kan marowaci, da na Chekhov a kan 'yan'uwa mata uku, da na Arthur Miller a kan mutuwar ɗan talla. Hume Cronyn da Zoe Caldwell suna cikin tawagar. Manyan 'yan wasa ne da suka bar albashin New York suka zo suka zauna wata da watanni.

Guthrie bai daɗe ba. Bayan kaka uku ya miƙa wa abokin aikinsa Douglas Campbell a 1966, Rea ma ya tafi, Campbell kuma bai jima ba. Daga nan gidan ya shiga shekarun da ba shi da tsayayyen shugaban fasaha. An yi abin a yaba a tsakanin, musamman wasan gidan Atreus na Girkawa da Guthrie ya dawo ya shirya da manyan fuskokin rufi, wanda aka kai New York da Los Angeles. Amma ɗokin sabon abu ya wuce, kujeru suka fara zama wayam, bashi ya taru. Zuwa 1970 Zeisler ma ya bar gidan, Guthrie ya rasu a Ireland a 1971. Duk waɗanda suka kafa shi sun kau cikin shekara takwas.

Kwamitin amintattu, wato mutanen gari, su suka riƙe igiyar. Suka ɗauko Michael Langham, wanda ya daɗe yana jan Stratford, suka haɗa shi da Donald Schoenbaum a matsayin manajan gida. Wannan haɗi shi ne tsarin da yawancin gidajen wasan jihohin Amurka ke bi: shugaban fasaha ya zaɓi wasa da 'yan wasa, manaja ya riƙe kuɗi da ma'aikata da tikiti, kwamiti kuma ya naɗa, ya sauke, ya nemo gudummawa. Kuɗin tikiti shi kaɗai ba ya riƙe irin wannan gida, sai an cike da kyautar mutane da kamfanoni da gidauniyoyi, don haka in biyun nan ba su jitu ba gidan ne ke shan wuya. Langham da Schoenbaum sun jitu. Kakar 1971, da wasan Cyrano mai dogon hanci, ta dawo da jama'a, aka fara kai wasanni ƙananan garuruwan yankin, ɗaliban makarantu suka riƙa zuwa mota-mota. A 1975 aka fara A Christmas Carol na Charles Dickens, wanda ya zama al'adar kowane ƙarshen shekara. Masu son sabon abu sukan yi masa gunaguni, amma kuɗinsa ne ke ɗaukar nauyin wasannin da ba sa cika zaure, kuma ta ƙofarsa yara da yawa suka fara shiga gidan.

Alvin Epstein, Ba'amurke na farko da ya riƙe kujerar, ya yi ɗan lokaci. Sai Liviu Ciulei daga Romaniya a 1980, mutum mai ilimin zanen gini, wanda ya sake fasalin dandamalin ya kawo salon Gabashin Turai mai ƙarfin hali. A zamaninsa, a 1982, gidan ya karɓi lambar yabo ta Tony ta gidajen wasan jihohi. Garland Wright da ya gaje shi a 1986 shi ya fi kowa riƙe amanar farko. Ya sake tara tawaga ta dindindin, ya buɗe wani ƙaramin wuri na gwaji inda 'yan wasa ke ƙara gogewa ba tare da fargabar kasuwa ba, aka kuma tara asusun ajiya na sama da dala miliyan 25. A 1990 tawagar ta juya wasannin sarakunan Ingila uku na Shakespeare, Richard na Biyu da Henry na Huɗu da Henry na Biyar, wani lokaci duka a yini ɗaya.

Joe Dowling ya zo a 1995 daga Ireland, inda ya taɓa shugabantar gidan Abbey na Dublin, ya yi shekara 20. Mutum ne da ya san abin da ke cika zaure, kuma ya cika shi. Ya haɗa kai da Jami'ar Minnesota aka buɗe digirin koyon wasa. Babban aikinsa kuwa gini ne. Tsohon gidan dandamali ɗaya gare shi, ofisoshi da wuraren ɗinki da na kafinta suna warwatse a gari. Neman tallafin jiha ya ci lokaci, Gwamna Jesse Ventura ya hau kujerar na-ƙi, sai a 2003 aka amince da dala miliyan 25. A 2006 aka buɗe sabon gida a bakin kogin Mississippi, cikin tsohuwar unguwar injinan niƙa, zanen Jean Nouvel ɗan Faransa, a kan dala miliyan 125. Shuɗi ne mai duhu, da zaure uku: mai kutsowa na kujeru 1,100, mai labule na 700, da ƙarami na kusan 200. Akwai wata doguwar baranda da ta miƙe ta nufi kogin ba ginshiƙi a ƙarƙashinta, mai tsawon ƙafa 178, kuma ko ba ka da tikiti kana iya hawa ka kalli ruwa. Tsohon ginin Rapson kuwa aka rushe shi, duk da ƙoƙarin masu son a adana.

Ban ga laifin girma ba, amma ya zo da farashi. Zaure uku da ke aiki kusan duk shekara suna buƙatar wasannin kiɗa da waƙa da sanannun labarai, kuma tawagar dindindin da aka kafa gidan dominta ta narke a hankali, aka koma ɗaukar 'yan wasa wasa-wasa. Minneapolis ta ci riba ta wani gefen, don 'yan wasan da Guthrie ya jawo sun zauna a garin, ƙananan gidajen wasa suka yawaita. Duk da haka abin da mutum ukun nan suka gudu daga gare shi ya ɗan biyo su.

Wata tambayar kuma ta fi wannan nauyi. Lokacin da aka sanar da wasannin kakar cika shekara 50 a 2012, mutane suka duba jerin marubuta da masu ba da umarni suka ga kusan duk maza ne farar fata, aka yi ca a kan Dowling. Suna da gaskiya. Garin da ya gina gidan a 1963 ba shi ne garin yau ba. Akwai baƙaƙen Amurka, waɗanda Lou Bellamy ya kafa musu gidan Penumbra a St. Paul tun 1976. Akwai 'yan Somaliya masu yawa a unguwar Cedar-Riverside, tafiyar ƙafa daga ƙofar sabon ginin. Akwai 'yan ƙabilar Dakota, waɗanda bakin kogin nan ƙasar kakanninsu ce. In gidan na mutanen gari ne, to waɗannan ma mutanen gari ne.

Da wannan tambaya Joseph Haj ya karɓi aiki a 2015. Ɗan Falasɗinawa ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka, ya shugabanci gidan PlayMakers a North Carolina, kuma yana matashi ya yi wasa a tawagar Garland Wright. Ya buɗe wa mata da waɗanda ba farar fata ba ƙofar ba da umarni da zanen dandamali, ya kafa hulɗa da 'yan asalin ƙasar, har a 2023 aka ɗora wasan da Larissa FastHorse da Ty Defoe suka rubuta a kan rayuwarsu a Minneapolis. Annobar korona ta rufe gidan a Maris 2020, aka sallami ma'aikata da yawa, bayan wata biyu aka kashe George Floyd a garin. Da aka sake buɗewa 'yan kallo ba su dawo da sauri ba, kasafin kuɗi ya yi giɓi. Cikin wannan hali Haj ya ɗauki aikin da ya fi kowane tsada da wahala: a 2024 ya tara tawaga guda ta sake juya wasannin sarakunan nan uku da ya fito a cikinsu a 1990, har da ranakun da ake shiga da safe a fito da dare, kwamitin amintattu kuma ya amince masa.